A Yi Wa Tsohuwar Manhaja Burtali

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga birnin Kano ta nufi Dambatta, ko wadda ta ratsa Dawanau ta nufi Bichi, ya san da wuya idonsa ya faɗa kan ƙasar da ba ta da mai ita. Gona na manne da gona, gida na hangen gida, ba abin da ya raba gonar wannan da ta wancan sai tsirin gamba ko jerin lalle. Tun cikin 1965 wani Bature masanin ƙasa, Michael Mortimore, shi da abokin aikinsa suka buga bincike a kan karkarar nan, suka nuna yadda mutanenta su ke noma fili ɗaya kowace shekara ba hutu, jakuna na ɗauko musu taki daga birni. A wuri irin wannan taku ɗaya na ƙasa ya isa ya kai 'yan'uwa gaban alƙali. Gado ya kan raba gona gida biyar, wani ya sayar da rabonsa, wani ya ba da jingina, wani ya ba da aro, kowane ɗaya kuwa sai da shaida.

A da malamin ƙauye ne ke rubuta takardar ciniki da alƙalami da tawada, cikin Ajami ko Larabci, mai unguwa da dattawa su shaida. Yanzu mafi yawan aikin nan ya koma shagon buga takardu da ke bakin kasuwa ko kusa da sakatariyar ƙaramar hukuma. Can a ke buga takardar sayen gona, da katin ɗaurin aure, da jarrabawar makarantar Islamiyya, da jerin sunayen 'yan ƙungiyar manoma masu neman takin zamani. Kwamfutar da ke wannan aiki galibi ta gwanjo ce, wadda wani ofis na Turai ko Amurka ya gama cin moriyarta. Cikinta kuwa akwai aikin shekaru, watau takardun jama'ar gari guda. Labarin yau a kan wannan kwamfuta ya ke, da shawarar da ta tsaya wa mai ita a maƙogwaro.

Wa'adi Ya Cika

Kowace kwamfuta tana da abin da a ke kira babbar manhaja. Ita ce tamkar mai gida: ita ke buɗe ƙofa, ita ke raba ɗakuna, ita ke cewa wane ya shiga wane ya tsaya a zaure. Sauran manhajojin, irin na rubutu da na zane da na lissafi, baƙi ne a ƙarƙashinta. Wadda ta fi yawa a shagunan ƙasar nan ita ce Windows, ta kamfanin Microsoft na Amurka.

Babbar manhaja kamar katangar ƙasa ta ke, kullum sai an sami inda ta tsage, Hausawa kuwa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Saboda haka kamfanin ya kan aiko da faci ta intanet kowane wata, kamar yadda magidanci ke yi wa katanga yaɓe kafin damina. Amma yaɓen nan yana da wa'adi. Windows XP, wadda ta fito cikin 2001, an daina yi mata faci ran 8 ga Afrilu 2014. Windows 7 ta bi ta ran 14 ga Janairu 2020. Windows 10 kuma, wadda ta fito cikin 2015, wa'adinta ya cika ran 14 ga Oktoba 2025, sai dai an ba masu amfani da ita a gida ƙarin shekara guda, zuwa 13 ga Oktoba 2026, ga wanda ya yi rajista.

To, cikar wa'adi ba ta kashe kwamfuta. Za ta tashi da safe, ta buga takarda yadda ta saba, mai shago ya ce ai ba abin da ya faru. Abin da ya faru shi ne, duk tsaguwar da aka gano daga ranar nan ba mai liƙe ta, masu kutse kuwa suna sane da ita.

Abin Da Ya Sami Asibitocin Ingila

Kada mai karatu ya zaci tsoratarwa ce kawai. Ran 12 ga Mayu 2017 wata ƙwayar cutar kwamfuta da a ke kira WannaCry ta ɓarke, cikin 'yan kwanaki ta kama kwamfuta fiye da 200,000 a ƙasashe wajen 150. Aikinta shi ne ta kulle duk fayil ɗin da ta tarar, sa'an nan ta rubuta wa mai shi cewa sai ya biya dala 300 kafin a buɗe masa. A Ingila ta shiga asibitocin gwamnati, har aka soke ganin likita wajen 19,000, aka riƙa juya motocin ɗaukar marasa lafiya zuwa wasu asibitoci.

Abin lura a nan shi ne ƙofar da ta bi. Wata tsohuwar hanya ce ta aika fayil tsakanin kwamfuta da kwamfuta, sunanta SMB1, wadda asalinta tun shekarun 1980. An daɗe da yin wadda ta fi ta, amma aka bar tsohuwar a buɗe don kada tsofaffin na'urorin buga takarda da na ajiyar fayil su daina aiki. Watau ƙofar da aka bar wa tsohon baƙo, ta nan ɓarawo ya shigo. Har wa yau kamfanin ya riga ya fid da facin tun watan Maris na shekarar, wata biyu kafin ɓarnar, amma wurare da yawa ba su saka ba, waɗansu don sakaci, waɗansu don tsoron kada faci ya ɓata musu manhajar da su ke aiki da ita. Da abin ya yi tsanani sai da kamfanin ya koma ya yi wa Windows XP faci na musamman, alhali ya sallame ta shekara uku da suka wuce. Daga ƙarshen 2017 kuma sababbin Windows 10 suka daina zuwa da ƙofar nan a buɗe.

Me Ya Hana Mai Shago Sauyawa?

Wanda ke zaune a ofis mai sanyi zai ce maganin abin mai sauƙi ne, a saka sabuwar manhaja a huta. Mai shago a Kunci ko Minjibir yana da amsa, amsarsa kuwa ba ta wauta ba ce.

Da fari dai ita kanta kwamfutar. Windows 11, wadda ta fito cikin Oktoba 2021, ta kafa sharaɗi: sai kwamfuta tana da wani ɗan ma'ajin sirri da a ke kira TPM 2.0, sai kuma ƙwaƙwalwarta ta kasance sabuwa, in ta kamfanin Intel ce daga zubi na 8 zuwa sama, watau wajen 2017 zuwa yau. Kwamfutocin gwanjo da yawa sun girmi haka. Lafiyarsu lau, ba abin da ya same su, amma an rufe musu ƙofa.

Sa'an nan firinta. Kowace firinta tana bukatar wata 'yar manhaja da ke yi mata tafinta tsakaninta da babbar manhaja. Tun zamanin Windows Vista, cikin 2007, babban samfurin Windows mai lamba 64 ba ya karɓar tafintan da ke shiga har ƙuryar gida sai da hatimin da aka amince da shi, domin in mugu ne ya gama da gidan. Tsohuwar firinta mai ƙarko, wadda a ke samun tawadarta da araha a Kano, sau da yawa masu ita sun daina yi mata sabon tafinta.

Ga kuma manhajar aiki. Masu buga littattafai da katuna da yawa sun koyi sana'a da PageMaker, wadda fitowarta ta ƙarshe, ta 7, cikin 2001 ne, kamfanin Adobe kuwa ya bar ta ya koma kan InDesign. Hannun mai shago ya saba da ita, tsofaffin ayyukansa duk cikin tsarinta su ke, sabuwar kuwa hayarta a ke yi da dala wata wata. Da tsohuwar zuma a ke magani, in ji masu iya magana, mai shago kuwa ya yarda da su.

Matsalar Haruffa

Amma babban ƙulli ga mai rubuta Hausa shi ne haruffa. Sa'ad da kwamfuta ta shigo ƙasar nan ba ta san ɓ da ɗ da ƙ ba, domin da haruffan Ingilishi aka gina ta. Cikin shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙera samfurin haruffa masu lanƙwasa, wanda ya fi shahara cikinsu shi ne Rabi'at, ya fid da marubuta da ɗalibai daga wahalar bin takarda da biro suna lanƙwasa haruffa. Dabarar irin waɗannan samfura ita ce a ari gurbin wata alama da ba a cika amfani da ita ba, a zana harafin Hausa a wurin. Ido yana ganin ƙ, kwamfuta kuwa a ranta baka ce. Shi ya sa in an ɗauki fayil ɗin aka kai wata kwamfuta da ba ta da samfurin, sai ƙasa ta koma }asa, ɗaya ta koma ]aya, ɓarawo ya koma ~arawo. Duk wanda ya taɓa buɗe tsohon kundin digiri na Hausa a waya ya ga haka.

Masu Ajami kuwa tasu wahalar ta fi. Haruffan Larabci da ke zuwa da kwamfuta a da na mutanen Gabas ne, ba su da harafin tsa mai ɗigo uku, ba su da ɗigon imala da ke ƙarƙashin harafi, fa da ƙaf ɗinsu ma ba irin na allon Warshu ba ne, inda fa ke da ɗigo a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. Saboda haka mai buga Ajami ya kan rubuta da hannu a ɗauki hoto, ko ya buga da haruffan Larabci ya bi yana ɗora ɗigo a manhajar zane. Aikin da aka yi ta haka zane ne a wurin kwamfuta, ba ta iya nemo kalma a cikinsa, in manhajar da aka yi shi da ita ta mutu kuwa ya bi ta.

Maganin wannan ya samu. Akwai wani babban kundi na duniya, Unicode, wanda ya ba kowane harafi na kowane harshe lambarsa ta kansa, wadda ba ta sauyawa ko a wace na'ura. Haruffan boko masu lanƙwasa suna ciki tun farkonsa. Ɗigon imala ya shiga cikin 2005, fa da ƙaf da nun irin na Warshu suka shiga cikin 2016, cikin 2020 kuma aka ƙara waɗansu haruffa masu ɗigo uku da Ajamin Hausa ke bukata. Wata ƙungiya mai suna SIL ta fid da samfurin haruffa kyauta, sunansa Alkalami, wanda aka zana shi bisa rubutun Kano, da wani kuma mai suna Harmattan. Sai dai tsohuwar manhaja irin PageMaker ba ta san Unicode ba. Ashe mai Ajami ya fi kowa riba a sabuwar manhaja, ko da ya ke shi ya fi kowa tsoron ta.

Masu Ƙera Manhaja Su Ma Suna Tsaka Mai Wuya

Wani abin mamaki, samfurin haruffa da kansa ya taɓa zama ƙofar ɓarayi. Cikin 2011 masana a birnin Budapest na ƙasar Hangari suka gano wata ƙwayar leƙen asiri, Duqu, wadda ke shiga ta takardar Word da aka ɓoye gurɓataccen samfurin haruffa a cikinta. Dalili kuwa, a lokacin Windows tana karanta haruffa ne a can cikin ƙuryarta, inda duk wanda ya kai ya mallaki gidan, tsari ne da aka yi tun da daɗewa don aiki ya yi sauri. Sai a Windows 10 aka fid da aikin nan zuwa zaure.

Kowace ƙofa aka rufe kuwa sai an sami mai kuka. Cikin 2022 Microsoft ya hana ƙananan umarnin da a ke saƙawa cikin takardun Word da Excel yin aiki in takardar daga intanet ta zo, don masu kutse sun mai da su hanya. Ofisoshin da lissafinsu ya dogara da su suka yi ca, kamfanin ya janye a farkon Yuli, kafin watan ya ƙare ya sake mayarwa. Wayar hannu ma haka: Android 14, ta 2023, ba ta yarda a saka manhajar da aka gina bisa tsarin da ya girmi Android 6 na 2015, WhatsApp kuma ya daina aiki a wayoyin da ba su kai Android 5 ba tun Oktoba 2023.

Mutanen karkara sun san zafin yanke tsohon abu da gaggawa, ko da niyyar mai kyau ce. Cikin Disamba 2022 Babban Bankin Nijeriya ya fid da sababbin takardun naira 200 da 500 da 1,000, ya ba tsofaffin wa'adi na 'yan makonni. Sababbin ba su wadata ba, ciniki ya tsaya a kasuwannin ƙauye, manomi na riƙe da hatsi ba mai kuɗin saye, har sai da Kotun Ƙoli ta yi hukunci ran 3 ga Maris 2023 cewa tsofaffin su ci gaba da yawo. Wa'adin manhaja ma a nesa a ke yanke shi, bisa lissafin mutanen da ke sauya kwamfuta duk bayan shekara huɗu ko biyar, ya zo ya faɗa kan wanda kwamfutarsa ta fara rayuwa ta biyu ke nan.

Dabarar Manoman Karkara

To, ina mafita? Manoman karkarar Kano sun daɗe da warware irin wannan. Shanu dole su wuce zuwa mashaya, amfanin gona kuwa dole a tsare shi. Magabata ba su hana shanu wucewa ba, ba su kuma sake musu gonaki ba. Sai suka yanke burtali, suka dasa masa shinge dama da hagu, garke ya bi ta ciki ya fita. Haka ya kamata a yi wa tsohuwar manhaja.

Mai shagon da ba shi da halin barin tsohuwar kwamfuta, ya raba ta da intanet ɗungum. Kada a haɗa ta da waya, kada a buɗe wasiƙa a kanta, kada a shiga asusun banki da ita. Aikinta tsara takarda da bugawa, shi ke nan. Harkar kuɗi da rajistar jarrabawa da duk abin da ya shafi lambar sirri a yi su a na'urar da har yanzu a ke aiko mata da faci. Ya kuma lura da filashin da mutane ke kawowa, domin cutar kwamfuta ta fi yawo a shaguna ta wannan hanya. Filashi ɗaya na shago, wanda ba ya fita, ya fi aminci.

Wanda ya sami sabuwar kwamfuta kuwa yana iya gina wa tsohuwar manhaja ɗaki a cikinta. Akwai manhajoji na kyauta, irin VirtualBox, da ke ƙirƙiro kwamfuta a cikin kwamfuta, a saka tsohuwar Windows da PageMaker a ciki, a toshe mata hanyar intanet. In cuta ta kama ta, a ɗakin za ta tsaya. Microsoft da kansa ya yi irin wannan cikin 2009, sa'ad da ya ba masu Windows 7 wani ɗaki na Windows XP don tsofaffin manhajojinsu.

Kwamfutar da Windows 11 ta ƙi kuwa ba ta zama juji ba. Akwai babbar manhaja ta kyauta, Linux, wadda ke tafiya a tsofaffin na'urori, samfurinta na Ubuntu mai dogon wa'adi ana yi masa faci shekara 5 ba ko kwabo. Tana tafiya da LibreOffice, wadda ke buɗe takardun Word, har da fayilolin PageMaker da CorelDraw da dama, ko da ya ke wani lokaci tsarin shafi ya kan goce sai an gyara. Abin da ya wajaba a guje shi ne manhajar sata da a ke sayarwa a faifai ko a ke saukewa daga intanet, wadda sharaɗin saka ta shi ne a kashe mai gadin kwamfuta tukuna. Wanda ya ce a kori mai gadi kafin ya shigo, an san abin da ya kawo shi.

Amma burtali hanyar wucewa ce, ba a kwana a cikinsa. Aikin da ya fi kowane muhimmanci shi ne a fid da dukiyar daga tsohon mazubi tun yana buɗuwa. Takardun boko a bi su da umarnin nema da musanyawa, a mai da kowace } ta zama ƙ ta gaskiya, kowace ] ta zama ɗ, kowace ~ ta zama ɓ, manyan haruffa ma haka, a lura kada a taɓa inda baka ce ta ainihi. Na Ajami a sake buga masu muhimmanci da haruffan Unicode. Kowace takarda a ajiye ta kuma a tsarin PDF, wanda ke riƙe kamannin shafi, a yi kwafi biyu, ɗaya a shago ɗaya a gida. Takardar gona kuwa, wadda ke ɗauke da sa hannu da dangwalen shaidu ita ce hujja, mai gona ya adana ta a akwati yadda kakansa ya adana ta Ajami, kada ya dogara da cewa tana cikin kwamfutar wane.

Aikin nan ya fi ƙarfin mai shago shi kaɗai, ga shi kuwa masu iyawa suna kusa. Akwai Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha a Bichi, akwai Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako a Dambatta, ga Jami'ar Bayero a birni, duk da ɗalibai masu sanin kwamfuta waɗanda asalinsu 'yan ƙauyukan nan ne. Da ƙananan hukumomi da ƙungiyoyin masu buga takardu za su shirya musu zagaye lokacin hutu, shago shago, da an ceci takardu masu yawa da kuɗi kaɗan. Mai niyyar sayen kwamfutar gwanjo kuma, kafin ya biya ya tambayi zubin ƙwaƙwalwarta, ya sa a nuna masa Windows 11 na tafiya a kanta ba da dabara ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Rani ne lokacin da ciniki ke lafawa a gona, shi ne kuma lokacin yaɓe da gyaran shinge, mai shago ma ya ware kwana biyu ko uku cikinsa ya kwashe takardun jama'a zuwa inda za su karantu bayan tsohuwar kwamfuta ta kwanta. Allah Ya tsare dukiyar Musulmi da ta maƙwabtansu, amin.